Littafin isowar tsuntsaye a gaɓar Liminka

24 ga Maris

Yau na buɗe littafin bana. Aikin shi ne bin isowar tsuntsaye masu ƙaura a gaɓar Liminka, kudu da birnin Oulu na ƙasar Finlan, daga yanzu zuwa tsakiyar Yuni. Wurin yana wajen layi na 65 a arewacin duniya, can ƙuryar tekun Baltik inda gishirin ruwa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa yake daskarewa duk hunturu. Har yanzu fari fat yake tun daga bakin kyauro zuwa inda ido ya tsaya.

Wurare biyu na tsayar: hasumiyar kallo ta Virkkula da ke bakin fadama, da hanyar da ta ratsa gonakin Tyrnävä. Zan riƙa farawa da fitowar rana, in bi hanya ɗaya, in tsaya a wurare ɗaya. Abin da na gani in rubuta, abin da na nema ban samu ba shi ma in rubuta. Wannan na biyun shi ne masu kallon tsuntsaye suka fi yi wa rowar tawada. Rumbun Tiira, wanda ƙungiyar BirdLife ta Finlan ta buɗe a intanet a 2006, cike yake da labarin “na farko a bana”, kowa na so a ce shi ya fara gani. To amma ranar da aka ga tsuntsun farko ta dogara ne da yawan idanun da suka fita. Asabar da Lahadi sun fi Talata samun na farko, kuma ba don tsuntsaye sun san ranakun mako ba ne. Abin da nake nema shi ne ranar da yawancin kowane iri suka sauka, da ranar da na bayansu suka ƙare.

Abin da ke ƙasa yau kaɗan ne. Baƙaƙen hankakan gona da mutanen nan ke kira mustavaris sun dawo kan bishiyoyin da suka saba, suna ta gyaran tsofaffin sheƙuna da hayaniya. Akwai manyan tsuntsayen teku farare a kan ƙanƙara. A bakin hanya, inda motar share dusar ƙanƙara ta tono ƙasa, ƙaramin garken pulmunen yana tsintar irin ciyawa. Su masu wucewa ne, duwatsun Laplan da gaɓar tekun Arktik suka nufa.

2 ga Afrilu

Laulujoutsen sun iso. Manyan fararen tsuntsayen ruwa ne masu dogon wuya da baki ruwan ɗorawa, kuma kafin ka gan su ka ji su, don kukansu yana tafiya nesa a kan ƙanƙara. Biyu-biyu suke sauka a bakin kogin Temmes, inda gudun ruwa ya fara cin ƙanƙara ta ƙasa. Ba su da abincin kirki a nan tukuna. Abin da ya kawo su da wuri kama wuri ne: wanda ya riga ya zauna a tafki shi ke da shi, na baya sai dai ya nemi wani.

Wanda ya ga yawansu yau ba zai yarda cewa sun kusa ƙarewa ba. Wajen 1950 abin da ya rage a duk faɗin ƙasar bai fi ma'aurata 15 ba, su ma sun ɓuya a fadamun arewa mai nisa saboda maharba da masu kwasar ƙwai. Doka ta kare su tun 1934, amma doka ba ta hana yunwar shekarun yaƙi ba. Wani likitan dabbobi, Yrjö Kokko, shi ya bi su har inda suke sheƙa, ya yi rubutun da ya juya zukatan jama'a. A 1981 aka zaɓe su tsuntsun ƙasa, yanzu ana lissafin ma'aurata wajen dubu goma, har ga hoton biyu suna tashi a bayan kwabon yuro ɗaya na Finlan. Ba su zuwa da nisa a hunturu: kudancin Suwidin, Denmak, arewacin Jamus. Tafiyar kwanaki kaɗan ce, saboda haka suna iya duba yanayi su taso.

9 ga Afrilu

Kwana uku iska na kaɗawa daga kudu maso yamma, sai ga kiuru, ɗan tsuntsun gona mai tashi sama ya tsaya cak yana rera waƙa, sai ga töyhtöhyyppä mai tukku, ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa. Jiya iska ta juya arewa, dusar ƙanƙara ta sake rufe gonaki. Da safen nan duk abin da na gani a sama kudu ya nufa. Masu tukkun nan garke-garke suna komawa ta inda suka fito, ƙasa-ƙasa, ba kuka.

Wannan komawar ba ɓata hanya ba ce. Tsuntsun da ya yi hunturu a Holan ko Faransa yana tafe ne a bayan narkewar ƙanƙara, in ta tsaya ya tsaya, in ta ja baya ya ja baya. Tsutsar ƙasa yake ci, kuma ba a tonon ta a daskararriyar gona. Na ware shafi na musamman don irin wannan rana, domin in ba haka ba sai a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu, da zuwansa na farko da na biyu.

Finawa na da tsohon zance a kan wannan jerin. Suna cewa daga ganin kiuru saura wata guda zafi ya shigo, daga peippo, ɗan tsuntsun daji mai waƙa, saura rabin wata, daga västäräkki mai kaɗa wutsiya saura kaɗan, daga tsattsewa kuwa ko kwana ɗaya babu. Jerin daidai ne, haka suke zuwa. Lissafin kwanakin ne ban yarda da shi a Oulu ba. Wanda ya cire rigar sanyi wata guda daga yau zai sha mamaki.

19 ga Afrilu

Gonakin Tyrnävä sun zama tafki. Ruwan narkewa ya kwanta a kan gonakin sha'ir da na dankali, kuma duk inda ka juya madubin hangen nesa dinya ce. Mafi yawa metsähanhi ne, dinyar daji mai ƙafa ruwan lemo, wadda ke sheƙa a fadamun cikin dazuzzukan arewa har zuwa Rasha. Suna kwana a kan ƙanƙarar gaɓa, inda dila ba ta iya yi musu sanɗa, da asuba su taso gona. Ƙirgar su a gona wahala ce, don rabi na bayan tudun rafi. Na koma ƙirgawa lokacin tasowar asuba, ayari bayan ayari, ina tsaye wuri ɗaya. Dubbai ne.

Wasu na ɗauke da abin wuya mai lamba da masu bincike suka sa musu. Karanta lambar daga nesa aikin haƙuri ne: ka jira ta ɗaga kai, ta juya, iska ta daina girgiza madubi. In ka samu ka aika, sai a turo maka tarihin tsuntsuwar, inda aka kama ta da duk inda aka taɓa ganin ta. Sa wa tsuntsu zobe mai lamba wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara shi a 1899. A Finlan an fara a 1913, kuma gidan tarihin halittu na Jami'ar Helsinki ke riƙe da rajistar har yau.

Kurki ma sun iso, gaurakin arewa masu launin toka da jan tabo a ka. Su ba sa tafiyar asuba. Sai rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗumama, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan ka gan su suna kewaya sama ba tare da kaɗa fiffike ba, in sun kai ƙololuwa su miƙe arewa. Na Finlan hanya biyu suke bi: wasu ta Jamus da Faransa zuwa Sifaniya, wasu ta filayen Hortobágy na Hungari zuwa arewacin Afirka, har da masu kaiwa Habasha. Wannan ya tilasta mini ƙara awa ɗaya da tsakar rana a ranakun da gari ya yi haske, in ba haka ba littafin zai nuna kamar ba su wuce ba.

Peippo ya cika dajin bakin hanya da waƙa, mazan zalla. Matan na baya da 'yan kwanaki.

27 ga Afrilu

Ƙanƙara ta fara sakin gaɓa. Ta bakin koguna take farawa, ruwa mai launin ƙasa ya hau kanta, ta yi duhu, ta ruɓe. Can tsakiyar teku za ta kai cikin Mayu. A siririn ruwan da ya buɗe agwagi iri-iri sun cushe: masu dogon wutsiya, masu baki kamar cokali, ƙanana masu koren tabo a fiffike.

Wanda na fi jira ya zo: mustapyrstökuiri, mai dogayen ƙafafu da dogon baki miƙaƙƙe, wuyansa ja kamar bulo. A duk Finlan nan kewayen ne cibiyarsa. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa. Ƙasar nan tana tasowa daga teku, kusan milimita 9 a shekara, tun da nauyin ƙanƙarar zamanin da ya sauka daga kanta. Gaɓar kuma shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, don haka ɗan tashin nan yana fito da sabon fili mai faɗi a cikin rayuwar mutum ɗaya. Sabuwar ƙasa gajeriyar ciyawa take fara yi, irin wadda masu dogayen ƙafafu ke so don su hango maƙiyi daga kan ƙwai. In aka bar ta, kyauro ya cinye, bayansa kurmi. Da can shanun manoma da masu yankan ciyawa ke hana hakan. Da aka daina, fadamun suka toshe, tsuntsayen suka ragu. Yanzu ana biyan masu shanu su sako su gaɓa a lokacin zafi, kuma bambancin fili mai kiwo da marar kiwo a bayyane yake daga kan hasumiya. An sa gaɓar cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, a 2004, amma a ganina bakin saniya ya fi takardar aiki.

Gaggafar kifi ɗaya ta wuce da rana. Ita ce baƙuwar farko a littafin da na tabbata ta ƙetaro Sahara.

3 ga Mayu

Ba ƙirga yau. Na zagaya akwatunan sheƙa da ke dajin bayan hasumiya, na kwashe tsohuwar ciyawa, na gyara murafu. Ƙofarsu milimita 32 ce. Talitiainen, mai rawayan ciki da baƙin layi a ƙirji, wanda bai je ko'ina ba duk hunturu, tuni ya kama fiye da rabi. Sauran na toshe ƙofarsu da tsumma zuwa mako mai zuwa, saboda wani baƙo da ke hanya.

9 ga Mayu

Asabar ɗin da ta wuce aka yi gasar hasumiyoyi da BirdLife ke shiryawa duk farkon Mayu. Ƙungiyoyi ke hawa hasumiyoyi a faɗin ƙasar daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 1 na rana, wadda ta ga iri mafi yawa ita ta ci. Virkkula na cikin wuraren da ake ji da su, ana haura iri ɗari a rana mai kyau. Na tsaya gefe ina kallo. Abin sha'awa ne yadda wani dattijo ke gane tsuntsu da kuka ɗaya tak alhali bai ɗaga kai daga kofin shayinsa ba. Sai dai ban zuba lissafin ranar cikin nawa ba. Ido goma ba ido biyu ba ne, in na haɗa sai jadawalin ya nuna tsuntsaye sun yi ambaliya ran Asabar.

Dare ya fara guduwa. Rana na fitowa wajen huɗu da rabi, kuma bin ƙa'idar “farawa da fitowar rana” ya fara zama horo.

13 ga Mayu

Shekaranjiya dajin shiru. Jiya da asuba kowace bishiya da mai waƙa a kanta. Pajulintu sun sauka cikin dare ɗaya, kamar an zubo su. Ɗan tsuntsu ne mai launin ganye, nauyinsa giram 8 zuwa 10, cokalin shayi biyu na sukari ke nan, kuma yana cikin biyun da suka fi kowane tsuntsu yawa a ƙasar. Waɗanda ke sheƙa a nan arewa gabashi da kudancin Afirka suke hunturu. 'Yan'uwansu na kudancin Suwidin kuwa yammacin Afirka suke zuwa, iyakar jinsunan biyu tana tsakiyar Suwidin, wajen layi na 62.

A nan littafin ya rabu gida biyu, kuma wannan rabuwar ita ce abin da na fi so in gani da idona. Na watan Afrilu yanayi suke bi. Shafukansu duk tsalle-tsalle ne, yau da yawa, gobe babu, jibi sun koma kudu. Na watan Mayu kalanda suke bi. Tsuntsun da ke Zambiya ko Gini ba shi da hanyar sanin ko ƙanƙara ta narke a Oulu. Agogo ne a jikinsa. Masanin nan na Jamus, Eberhard Gwinner, ya tsare irin waɗannan tsuntsaye a keji, haske ɗaya, zafi ɗaya duk shekara, amma da lokacin tafiya ya yi sai su tara kitse, su hana kansu barci suna ta kaɗa fiffike cikin dare. Da dare suke tafiya, suna duba juyawar taurari da maganaɗisun ƙasa. An ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye wajen biliyan 2 ke barin Turai zuwa kudu da Sahara duk kaka. Masu dawowa ba su kai haka ba.

Baƙon da na toshe wa akwatuna shi ma ya zo: kirjosieppo, baƙi da fari, mai cafke ƙwari a iska, daga dazuzzukan yammacin Afirka. Na buɗe ƙofofin, kafin in bar dajin wani namiji har ya leƙa ɗaya. Dalilin toshewar shi ne in ya iso ya tarar duk an kama, yakan kutsa akwatin talitiainen, wanda ya fi shi ƙarfi, kuma sau da yawa gawarsa ake tararwa a ciki.

Matsalarsa ta fi ta akwati girma. Bazara na ƙara zuwa da wuri a Turai. Ganye na fitowa da wuri, tsutsar da ke cin ganyen na ƙyanƙyashewa da wuri, kuma da ita ake ciyar da 'ya'ya. Mazaunin gida na iya matso da ƙwansa. Mai zuwa daga Afirka agogonsa bai san an canza ba. Masu bincike a Holan, Christiaan Both da abokan aikinsa, sun nuna a 2006 cewa a dazuzzukan da tsutsa ke yin yawa da wuri kirjosieppo ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara ashirin, alhali inda take makara bai ragu sosai ba. Nan arewa bazarar gajeriya ce kuma ƙwari na da yawa, saboda haka ba zan ɗauko sakamakon Holan in ɗora wa Liminka ba. Abin da zan iya shi ne rubuta ranar ƙwan farko a kowane akwati, da ranar da ganyen bishiyar koivu ya buɗe, in ajiye su gefe da gefe.

18 ga Mayu

Suokukko, wani tsuntsun fadama mai dogayen ƙafafu. Na daɗe a kansu yau har ƙirgar agwagi ta sha kashi.

A hunturu tsuntsu ne da ba wanda zai waiwaya ya kalla, launin ƙasa, yana tsintar shinkafar da ta zube a fadamun Sahel: bakin kogin Senegal, fadamar kogin Neja a Mali, Hadeja da Nguru, tafkin Chadi. A nan kuwa namijin ya fito da wani tulin gashi a wuya da tukku biyu a ka, kuma da wuya ka ga biyu masu kama ɗaya. Wani baƙi, wani ja, wani mai zane-zane, wani fari tas. Suna taruwa a ɗan tudu cikin fadama, kowa da ɗan filinsa da bai fi taku ɗaya ba, suna tsalle, suna kai wa juna hari, suna durƙusawa da baki a ƙasa in mace ta sauka. Duk wannan ba sauti ko kaɗan. Ita ke zaɓa, kuma ita kaɗai za ta yi kwanci ta yi reno.

Mazan iri uku ne. Masu duhun gashi su ke da fili, su ke faɗa. Masu farin gashi ba su da fili, suna raɓewa a na wani, mai filin kuma yana haƙuri da su don taron na jawo mata. Na ukun ba a ma san da shi ba sai 2006, lokacin da aka bayyana shi a Holan: namiji ne mai kamar mace sak, ba gashin ado, yana shiga tsakani ba a lura ba. Bai fi ɗaya cikin ɗari ba. A 2015 aka gano cewa duk bambancin yana cikin wani yanki ɗaya na ƙwayar gado da ya juye tun miliyoyin shekaru. Wato ba dabara ce da tsuntsu ke zaɓa ba, da ita aka haife shi. Na duba matan da ke gefe ɗaya bayan ɗaya ko zan ga wadda ta ɗan fi sauran girma. Daga kan hasumiya wannan neman banza ne, sai a hannu ake tabbatarwa.

Ɗaruruwa ne a fadamar yau, amma yawancinsu masu wucewa ne. Masu tsayawa su yi sheƙa sun ragu ƙwarai, har jerin halittun da ke cikin haɗari na Finlan ya sa suokukko a mataki mafi tsanani. Taron tsakiyar Mayu yana rufe wannan. Lambar da za ta faɗi gaskiya ita ce ta matan da zan samu a Yuni suna kewaya ni da alamar akwai 'ya'ya a ciyawa.

21 ga Mayu

Na je gaɓar Siikajoki neman kiljuhanhi, ƙaramar dinya mai farin goshi da rawayan zobe a ido. Farkon ƙarni na 20 dubbai ke sheƙa a Laplan. Yanzu duk abin da ya rage na asalin wannan yanki ɗari da 'yan kai ne, kusan a san kowace da zanen cikinta. Suna hunturu a Girka, tafkin Kerkini da bakin kogin Evros, su yada zango a Hungari, su ɗan tsaya a wannan gaɓa a Mayu, sannan fadamar Valdak a arewacin Norwe. Masu sa-kai na gadin wurin, kuma daga nesa ake kallo. Ban same su ba. Na rubuta sifili, da awannin da na yi, da yanayin gari.

29 ga Mayu

Iskar kudu mai ƙarfi kwana biyu. Tekun nan ba shi da cika da janyewa na kullum, iska ce ke tura ruwa, kuma in ta kaɗo daga kudu duk ruwan sai ya taru a wannan ƙurya. A fili shimfiɗaɗɗe ƙarin taƙi ɗaya ko biyu ya isa. Gefen fadamar da masu dogayen ƙafafu suka yi sheƙa ya nutse. Da safe na ga iyaye na yawo a inda ƙwai suke. Waɗanda abin ya same su da wuri za su sake yi, amma kwanci na biyu ƙwansa kan zo a makare, ga dila da hankaka da wasu dabbobi mafarauta biyu da mutum ya kawo su Turai, mink na Amurka da supikoira na gabashin Asiya.

A sama kuwa kaya sun cika. Tsattsewa mai wutsiya biyu ta fi mako biyu da zuwa, daga kudancin Afirka. Har babban masani Linnaeus ya yarda cewa a ƙarƙashin ruwan tafki take kwana duk hunturu, don da kaka ana ganin su suna shiga kyauro da yamma, washegari babu su. Sai a 1822 aka harbo wani babban tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, kusa da Klütz a Jamus, da mashin tsakiyar Afirka soke a wuyansa, shaidar cewa tsuntsayen Turai har Afirka suke zuwa. Gawarsa na ajiye a Jami'ar Rostock.

Baƙar tsattsewa, tervapääsky, ta iso shekaranjiya, kusan a ranar da ake sa ran ta. Masu bincike na Jami'ar Lund sun nuna a 2016 cewa tana iya wata goma a iska ba ta sauka ba. Lapintiira, farin tsuntsun teku mai jan baki, yana shawagi a kan tsibiran yashi. Shi daga tekun Antaktika yake, kuma 'yan na'urorin da aka ɗaura wa na Girinlan sun nuna a 2010 cewa yana cin kilomita wajen 70,000 a shekara. Käki, mai zuba ƙwai a sheƙar wasu, na kuka a daji tun tsakiyar dare, in za a kira wannan dare. A Finlan macen ta fi zuba ƙwanta a sheƙar leppälintu, ɗan tsuntsu mai jar wutsiya, kuma ƙwan shuɗi ne kamar na mai gidan.

Ruokokerttunen, ƙananan tsuntsayen fadama masu hunturu kudu da Sahara, sun fara surutu a cikin kyauro, amma ba su cika shi ba tukuna. Su da wasu 'yan iri kaɗan ruwan saman Sahel ke yanke musu hukunci. Bayan farin 1968, masu ƙirga a Ingila sun wayi gari a bazarar 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, ba abin da ya canza a Ingilar. Tun daga nan aka gane cewa ƙirgar da ake yi a arewa rabin labari ce.

12 ga Yuni

Yanzu ba duhu sam. Rana na faɗuwa bayan tsakar dare ta fito kafin ƙarfe uku, tsakaninsu haske ne kamar na magariba. Na mayar da zagayen zuwa ƙarfe biyu, lokacin masu waƙar dare, da rigar raga saboda sauro.

Na ƙarshe a jerin su ne masu zuwa daga gabas. Punavarpunen, mai jan kai, Indiya yake hunturu, kuma ya zo tun ƙarshen Mayu. Akwai layi ɗaya da na bari a buɗe: kultasirkku, mai rawayan ƙirji da jan-ƙasan ɗamara. Gaɓar Liminka ce wurinsa na ƙarshe a Finlan, a da mutane kan zo daga ƙasashen Turai musamman don shi, kuma a tsakiyar Yuni yake isowa daga kudu maso gabashin Asiya. A shekarun 2000 ya ɓace daga nan. Kurmin da yake zama yana nan yadda yake. A hanya aka cinye shi, da raga, miliyoyi, a gonakin shinkafar ƙasar Sin inda ake sayar da shi don ci duk da an hana tun 1997. A 2017 aka sa shi a mataki mafi tsanani na haɗarin ƙarewa a duniya, tsuntsun da a da yake cikin mafi yawa daga Finlan har Japan. Na tsaya a wurin minti ashirin ina saurare kamar yadda tsarin ya ce, na rubuta sifili.

Abin da ya rage a aikin: zagayen akwatuna duk bayan kwana biyar har 'ya'ya su tashi, don kirjosieppo ya fara ƙyanƙyasa a biyu daga ciki, ƙirgar matan suokukko da na mustapyrstökuiri masu 'ya'ya, daga kan hasumiya kawai, ba shiga fadama, sai zuba shafukan Afrilu a kwamfuta, waɗanda ruwa ya ɗan taɓa. Dole kuma in buɗe sabon shafi da ban shirya masa ba. Jiya da yamma garken kuovi, masu lanƙwasasshen baki, ya wuce ta kan hasumiya ya nufi kudu maso yamma. Mata ne, sun bar wa mazan renon 'ya'ya. Mazan suokukko ma sun fara zubar da gashin wuya, kafin ƙarshen wata za su bi bayansu.